Amsa kan Tudor Pelagos FXD da ra'ayin masu tara agogo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko alaƙar wannan agogo da soja gaskiya ce ko talla kawai. Alaƙar tana da tushe, domin tun a 1956 kamfanin Tudor, mai ƙera agogon, ya fara bai wa sojojin ruwan Faransa agogo, kuma shuɗin FXD da ya fito a 2021 tare da mayaƙan ninƙayarsu aka tsara shi.

Inda masu tara agogo suka rabu shi ne kunnuwan madauri, wato wuraren da ake maƙala madaurin agogo, waɗanda aka sassaƙa haɗe da jikin agogon na titaniyom, ta yadda ba za ka iya sa masa madaurin ƙarfe ba, sai na zare ko na roba da ake zurawa ta ƙarƙashi. Wasu na ganin an tauye su, ni kuwa abin da ya fi burge ni ke nan, saboda babu 'yar sandar riƙe madauri da za ta ɓalle agogo ya faɗa cikin ruwa.

Sai dai zoben ƙirga mintuna da ke kewaye da fuskar shuɗin yana juyawa ta ɓangarori biyu, yana ƙirga baya daga 60. Idan nutso za ka yi, baƙin FXD na 2023, wanda zobensa ke juyawa ɓangare ɗaya kawai, ya fi dacewa da kai, domin ko zoben ya goce bisa kuskure ba zai nuna ƙasa da lokacin da ka yi a ruwa ba.