Ƙanwata, kada ki rubuta sunan kowa cikin kayenki

Assalamu alaikum. Ƙanwata da ta sa saƙo a dandalin nan ta ce tana rubuta memuwar ta masta, wato kundin binciken digiri na biyu, a kan wa ke bin kadi idan 'yan sanda ko jandarmomi suka wuce gona da iri wajen yaƙi da ta'addanci, wata uku kowa ya ƙi buɗe mata baki, ta sauya batu ko ta daure: wallahi ina karantawa gabana ya faɗi. Ramin da kike bakinsa ni na faɗa ciki a 2018, nan Tawa ta Nijar.

Lokacin an yi shekara da sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, cikin jihar Tawa. Ina da takardar izinin bincike mai hatimi, na ɗauka ta ishe ni. Wani biro na je sau bakwai, kullum shef ya fita, dawo Litinin. Sai wani abokina da muke shan shayi fada ɗaya ya haɗa ni da wani dattijo mai fataucin dabbobi, wanda aka kama ɗansa don an ga lambarsa cikin salular wani da ake nema. Tsohon nan ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya yi magana tun azahar har rana ta yi ja. Ya nuna mini takalman yaron, yana ajiye da su cikin leda. Ni kuma da wautata na buɗe kayena, wato littafin rubutuna, na rubuta sunansa, da garinsu, da lambarsa, har na ja layi da jan bik.

Bayan kwana biyar hukuma ta kira ni. Ba wanda ya taɓa ni, kada in yi ƙarya. Amma mutumin da na tarar ya ɗauki kayena, yana lasar yatsa yana buɗe shafi ɗaya-ɗaya, yana karanta sunaye da ƙarfi, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wannan fa, ina ka san shi?" Tun ƙarfe tara na safe har bayan isha'i ina kan benci. Takardar izinina ko kallonta bai yi ba, ya ɗora kofin shayinsa a kai. Kayen bai dawo hannuna ba har yau. Daga baya na ji an kira tsohon shi ma, ya kwana biyu ana yi masa tambayoyi. Da muka haɗu a kasuwa na gaishe shi, ya amsa, ya ce, "Ɗana, ni na ɗauka kai mai ilimi ne." Ya wuce. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kuma abokin nan da ya haɗa mu shi ya kai maganar. Mutumin da na ranta wa jika goma ranar sunan 'yarsa! Har gobe in ya gan ni sai ya washe baki ya miƙo hannu. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To kada ki sauya batu, ki rage masa faɗi. Suna, gari, lambar waya, ko ɗaya kada ya shiga takarda, kuma kada ki ɗauki muryar kowa a salula. Ki fara da abin da ya riga ya fito fili. Ki dubi 10 ga Afrilun 2017 a Yamai, ranar zanga-zangar da ɗalibi Mallah Bagale ya rasu. Bidiyon da ya nuna 'yan sanda suna dukan wani ɗalibi ya zaga Facebook da WhatsApp, a shekarar aka yanke wa uku daga cikinsu ɗaurin shekara guda-guda. Ki tambayi kanki, da ba a ɗauki hoton nan ba fa? A daji wa zai ɗauka? Sai rahoton hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CNDH na Satumban 2020 kan mutum 102 da suka ɓace wajen Inates, cikin jihar Tilaberi, inda ta gano gawa 71 cikin ramuka shida ta kuma ɗora alhakin a kan wasu sojoji. Ki bi sawu ki ga inda maganar ta tsaya, wannan kaɗai babi ne. Ki kuma karanta doka da idonki: laifin yau da kullum awa 48 ake tsare mutum kafin a nemi ƙari, na ta'addanci kwana 15 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Yawancin iyayen da na zauna da su ba su san wannan ba, sai kuka da addu'a.

Masu kaki da ke bakin aiki ba za su yi magana ba, kuma kada ki ga laifinsu duka. Su ma suna binne 'yan'uwansu, kuma mu da muka ga abin da ya faru a ƙauyukan Tiliya a Maris 2021, rai 137 rana ɗaya, mun san ba wasa suke fuskanta ba. Ki nemi waɗanda suka yi ritaya, da lauyoyi. Ki leƙa LASDEL, wata cibiyar binciken zamantakewa a Yamai, sun daɗe suna nazarin tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce da abin da ma'aikaci ke yi a zahiri.

'Yan jarida kuwa kada ki matsa musu. Tun Yunin 2024 aka maido da hukuncin kaso cikin dokar laifukan intanet ta 2019, kowa na auna kalmarsa. Ke ma ki auna abin da kike sawa a nan, ba ki san wa ke karantawa ba. Kuma ki faɗa wa mahaifiyarki duk inda za ki. Ni mahaifiyata, a daren da aka ajiye ni kan benci, gida-gida ta bi tana nemana, ba mayafin kirki a jikinta.

Ɗan tsohon nan an sako shi bayan shekara biyu da wani abu, haka na ji. Ban iya zuwa yi musu barka ba.