Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: Wai kwamfutar shagon Alhaji ta tsufa

Assalamu alaikum. Saƙonni sun taru makon nan, wasu kuma na amsa irinsu ya fi sau biyar, don haka wanda ya ga an sallame shi da layi uku kada ya yi fushi.

Tambaya: Malam, wayata kullum sai ta ce wuri ya cika, alhali ni ba mai yawan ɗaukar hoto ba ce. Daga wata uwargida a Ƙofar Marusa.

Amsa: Hajiya, ba hotunanki ba ne, guruf-guruf ɗin WhatsApp ne, na biki da na adashi da na 'yan ajinku. Ki shiga saitin WhatsApp wajen ajiya, ki goge bidiyoyin da aka yi ta turowa, sannan ki hana shi sauke kaya da kansa. Bidiyon kamun da aka yi bara ba wanda zai sake tambayarki shi.

Tambaya: Malam, ina da shagon sari na kayan masarufi a babbar kasuwar Katsina. Tun 2010 muke aiki da kwamfuta mai Windows 7 da Peachtree, a ciki muke lissafin sito da na masu bashi. Yanzu yarona ya gama karatun kwamfuta ya dawo, ya ce wai tsarin nan tsohon yayi ne, a watsar a koma na intanet da ake biya duk wata. Ni kuma ban ga laifin da ta yi min ba. Mi ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa yaron albarka, amma ka ce masa na ce ya zauna tukuna. Wallahi kalmar nan ta tsohon yayi ta ishe ni, duk wanda ya fito da kwali ko yake da abin sayarwa ita ce a bakinsa, sai ka ce kwamfuta shadda ce da ake canzawa duk sallah. Rijiyar Kusugu shekara nawa take a Daura, kuma har yau in ka zura guga ruwa za ka ɗebo?

Ka tambaye shi ko ya san COBOL. Yaren rubuta manhaja ne da aka ƙirƙiro a 1959, kafin a ba Najeriya 'yanci, kuma har yanzu manyan bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati a Amurka da Turai da shi suke lissafin kuɗin mutane, a kan manyan injinan IBM da asalinsu ya faro daga System/360 ta 1964. Ba talauci ya sa suka bar shi ba, sun fi mu kuɗi nesa ba kusa ba. Abin shi ne shekara da shekaru ana gyara masa kurakurai ɗaya bayan ɗaya har ya zauna daram, duk wata ƙa'idar kasuwancinsu tana ciki. Haka ma taka, sunan duk ɗan Jibia da ɗan Mashi da ya ɗauki kwali hamsin bai biya ba yana cikinta, yaran shagonka kuma ko ido a rufe za su buga rasit. Da tsohuwar zuma ake magani.

Masu gaggawar ƙaura kuma su tuna bankin TSB na Ingila. A Afrilun 2018 suka kwashe bayanan kwastomominsu daga tsohon tsari zuwa sabo fil, abu ya rikice, mutane suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suna buɗewa su ga bayanan asusun wani, aka kwashe makonni ana fama, shugaban bankin ya bar kujera, daga baya hukuma ta ci su tarar kusan fam miliyan 49. Banki ke nan mai injiniyoyi jibge, ba shago mai yaro ɗaya ɗan bautar ƙasa ba. Ga shi na intanet ɗin da yake maka talla yawancinsu da dala ake biya, ranar da netwok ya ɗauke kuma, ka san yadda yake mana, kwastoma na tsaye da kuɗi a hannu kai kana kallon abu yana ta juyawa a allo.

To amma kada ka yi saurin murna, don yaron yana da gaskiya a wuri guda, kuma wurin ne yake hana ni barci. Microsoft ta daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020. Duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano bayan nan a buɗe take. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati a Ingila har aka soke ganin likita ga dubban marasa lafiya, kuma yawancin injinan da ya kama a duniya Windows 7 ne da ba a sa musu gyara ba. Don haka in yaran shago suna jona mata hotsifot su kalli ƙwallo, ko kowa ya zo da filashinsa a tura masa waƙa, ba tsufa zai kashe ta ba, sakaci ne. A raba ta da intanet kwata-kwata, lissafi kawai.

Sai had-dis. Faifai ne mai juyawa, tun 2010 yake juyi cikin zafin bazara da ƙurar hunturu da wutar da ake ɗaukewa ba sallama, kuma ba ya yin gargaɗi, rana ɗaya za ka kunna ka ji ƙas ƙas ƙas shi ke nan. Na san wani dila, ba zan kira suna ba, haka tasa ta mutu da bashin mutane a ciki, masu tsoron Allah suka zo suka biya, sauran har yau suna gaishe shi a masallaci da fara'a. Yanzu Alhaji tsakaninka da Allah yaushe rabon da a ɗauki bakof? Na san amsar. Peachtree na da wajen bakof a jikinsa, minti biyu ne. Filashi biyu za ka saya, duk Alhamis kafin a rufe shago a kwafa, ɗaya a shago ɗaya a gida, saboda gobarar kasuwa ba ta barin durowa. Kuma a gwada buɗe shi a wata kwamfutar ko sau ɗaya, bakof ɗin da ba a taɓa gwadawa ba ni ban ɗauke shi bakof ba. A kwafe had-dis ɗin kan SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, a sa UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta.

Abu na gaba, wa ya iya gyaranta? A Afrilun 2020 lokacin korona gwamnan jihar New Jersey a Amurka fitowa ya yi yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, don tsarin biyan marasa aikin yi ya sha nauyi kuma masu hannu a kansa sun yi ƙaranci. Idan wanda ya girka maka taka ya koma Abuja, faifan girkawa da lambar lasisi ba a san inda suke ba, to nan ne zan yarda ta fara tsufa. Ga aikin da za ka ba yaron: ya nemo su, ya fitar da jerin kaya da na masu bashi zuwa Excel duk ƙarshen wata. In ma kun yanke shawarar komawa sabon, a haɗa su biyun a yi wata uku ana shigar da lissafi a kowanne, sai alƙaluma sun zo daidai sannan a yi wa tsohuwar ritaya, kuma ba a cikin azumi ko jajiberin sallah ba.

Tambaya: Laftof ɗina ya rubuto wai an daina tallafa wa Windows 10. Zai daina aiki ne? Daga wani ɗalibi a Dutsin-Ma.

Amsa: Ba zai daina ba, gyaran tsaro na yau da kullum ne ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. In injinka ya cika sharuɗɗan Windows 11, ciki har da TPM 2.0, wato ɗan guntun tsaro a cikin injin, ka hau shi, in bai cika ba ka sa Linux Mint, wani tsari da ke maye gurbin Windows, ni shi nake sa wa duk tsohon laftof da aka kawo min. Ka kwashe furojet ɗinka tukuna.

Tambaya: Wayata na zafi in ina caji, abokina ya ce in riƙa sa ta a firij. Daga wani matashi a Daura.

Amsa: Abokin naka zoɓo yake sayarwa? Raɓa za ta taru a ciki ta ci maka bod. Cire kondon, daina buga gem tana caji, ka jefar da cajar ɗari biyar ɗin nan.