Ragin ci da kwanon surukai: amsa ga 'yata

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso. Kin ce nauyinki ya kai kilo 88 a tsawon mita 1.60, a asibiti an ce jininki ya fara hawa, kuma ba ki iya ɗauke kai daga abinci ko da a ƙoshe kike. Sannan kika tambaya ko a al'adarmu ya dace matar aure ta rage ci da gangan, har ta bar saura a kwanon uwar mijinta, alhali ramar mace abin gori ne ga mijinta.

Ya dace, kuma ba sai kin ɓata da kowa ba.

Kakanninmu ba wauta suka yi ba da suka ɗauki ƙiba alamar hutu. A zamaninsu rumbu kan ƙare kafin kaka, mace kuma ita ce surfe, ita ce daka, ita ce niƙa a dutse da jan guga a rijiya. Wadda ta yi jiki duk da wannan aiki, to lallai akwai hatsi a gidan mijinta. Alkaki da nakiya da dubulan kuwa sai an yi gara ko salla. Yau inji ke niƙa, mai garuwa ke kawo ruwa, adaidaita sahu ke kai ki unguwa, lemon kwalba kuma yana kowane shago. Aikin ya tafi, yabon teɓa bai tafi ba. Wata za ta kawo miki hadisin da ke cikin Abu Dawud, cewa mahaifiyar Nana A'isha ta riƙa ba ta kokwamba da ɗanyen dabino don ta yi jiki kafin tarewa. Gaskiya ne, amma siririya aka ciyar, ba mai hawan jini ba.

Abin da al'ada ta hana shi ne raina abincin mutane, ba barin saura ba. Addini ma haka ya koyar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An kawo masa naman damo ya janye hannunsa, Khalid bin Walid ya ci a gabansa, babu wanda ya ji haushi. Saboda haka in kin je gidan surukai, ki nemi ƙaramin faranti ki ɗiba da kanki, ki yawaita miya ki rage tuwo, ki ci a hankali, ki yaba girkin. Sauran ki ce a bar miki a kula za ki kai wa yara. Babu tsohuwar da ba ta jin daɗin wannan. Maganar likita kuwa ba bakinki ne zai kai ta ba. Maigidanki ne zai shaida wa mahaifiyarsa cewa an sa miki doka a asibiti saboda jini. Daga bakinsa kulawa ce, daga bakinki ana iya ɗauka iyayi ne.

Amma ki sani, ba kwanon surukai ne ya kai ki kilo 88 ba. Abin da ake ci kullum a ɗaki ne.

Fara da awo. In aka raba nauyinki da tsawonki sau tsawonki, lissafin ya ba da 34, kuma daga 30 likitoci ke kiran abin ƙiba mai cutarwa. Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna cikinki kusa da cibiya, a tsaye, ba tare da kin tsuke shi ba. Ga mace, abin da ya haura santimita 88 haɗari ne, domin kitsen ciki shi ke jawo ciwon suga da hawan jini. Kada ki sa wa ranki komawa jikin 'yanmatanci. Kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida, wato kamar rabin kilo a mako ko ƙasa da haka, ya isa ki ga sauyi a awon jini da ciwon gwiwa.

Abin sha shi ne na farko, don shi ya fi sauƙin yankewa. Robar lemo ta rabin lita kan ɗauki sukari wajen ƙaramin cokali goma ko fiye, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada na yini guda ya wuce kamar cokali 12, shida ma ya fi. Zoɓo da kunun aya da fura da shayi mai kauri duk suna cikin wannan lissafi in an zuba musu sukari, zuma ma ba ta tsira ba. Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa, shi ya sa ake ɗora tuwo a kansa. Ki rage rabi a makon farko, harshe zai saba.

Sai mai. Daina tuttula shi daga galan. Babban cokali ɗaya ga kowane mutum a tukunya ya wadatar, ko man ja ko na gyaɗa. Ƙosai, fanke, awara da soyayyar doya su koma na wani lokaci. Alale da dafaffen wake su maye gurbinsu. Tuwo kuma malmala ɗaya gwargwadon dunƙulen hannunki, gara na dawa, gero ko acca a kan na farar shinkafa. Rabin farantin ya zama ganye: kwaɗon zogale ko rama mai ƙarancin ƙuli, alayyafo, kabeji, yalo. Rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano saboda jinin, kanwa ma haka.

Ma'aunin duk wannan yana cikin hadisin da Tirmizi ya ruwaito: ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, 'yan lomomin da za su tsayar da bayansa sun ishe shi, in kuma babu makawa, sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Yadda ake aiki da shi: zuba sau ɗaya, rufe tukunya, zauna ki yi bisimilla, ajiye waya. Jiki na ɗaukar kamar minti 20 kafin ya sanar da ke ya ƙoshi, don haka mai hanzari kan wuce sulusin kafin labari ya iso mata.

Yanzu batun da ya fi damunki, cin da ba na yunwa ba. Mako guda ki riƙa rubuta lokacin da abin ke taso miki. Yawanci za ki tarar ɗayan huɗu ne: kaɗaici bayan maigida ya fita, ɓacin rai, rashin barci, ko tsallake karin kumallo da sunan ragewa, wanda ke ƙarewa da cin dare. Gwajin mai sauƙi ne: in za ki iya cin kwaɗon rama, yunwa ce, in sai cincin ko biskit, kwaɗayi ne. Shi kwaɗayi yakan taso ya lafa. Sha ruwa, yi alwala, kawo raka'a biyu ko azkar, ki ba shi kwatan awa. Bokitin cincin kuma ya bar ɗakin barcinki. Idan abin ya kai kina ci a ɓoye har ciki ya yi ciwo, ko kina ƙaƙaro amai bayan ci, wannan cuta ce da likitoci suka sani, ba raunin imani ba ne. Ki faɗa musu ba kunya.

Azumin Litinin da Alhamis, da na 13, 14 da 15 ga wata, yana koya wa rai jin yunwa ba tare da firgita ba. Ki yi shi don Allah, da izinin maigida in yana gari. Inda ake faɗuwa shi ne shan ruwa: a jera kunu mai sukari, ƙosai, dankali da lemo, a rama yini guda cikin rabin sa'a. Dabino uku da ruwa, sai salla, sannan abinci irin na kullum. In kina da ciki, kina shayarwa, ko an ɗora ki a kan maganin suga, sai da shawarar likita.

Motsa jiki minti 150 a mako ake so, wato rabin sa'a sau biyar. Zagayen tsakar gida da sauri bayan Asuba ya isa, ko ki riƙa takawa zuwa Islamiyya. Fara da minti goma in gwiwa na ciwo.

Abu ɗaya nake so ki amsa mini tsakani da Allah: an ba ki sha-ka-fashe, wato maganin sa ƙiba, lokacin gyaran jiki na biki, kuma kina sha har yanzu? Wasunsu akwai maganin dexamethasone a ciki, mai kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya ta da suga da jini. Wanda ya daɗe yana shan sa ba ya dainawa farat ɗaya, likita ne ke rage masa sannu a hankali. Shayin rage ƙiba na kasuwa ma ki bar shi, galibinsa gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ke fita ba kitse ba. In kin koma asibiti ki ce a auna miki suga, a kuma duba maƙoshi in kina yawan kasala da jin sanyi.

Ki gaishe da maigidan da yaran.

Goggonki