Kar ka fasa tarazon nan, Alhaji: amsa kan daɓen gidan haya a Legas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da gida a Agege wanda na gada a wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, ginin tun shekarun 1980 ne. Ni da iyalina muna sama, ƙasa kuma falat biyu ne na haya. Masu hayar sun tashi, ina so in gyara kafin in sa wasu. Falo da baranda tarazo ne, wato daɓen tsakuwar marmara, amma duk ya dushe. Ɗakunan kwana siminti ne da leda a kai, kuma duk damina sai ƙarƙashin ledar ya jiƙe ya riƙa wari. Ejan, wato dillalin gidaje, ya ce mini kasuwar gidaje ta dawo, in farfashe komai in sa irin daɓen nan mai kamar katako, ko mai ƙyallin nan da ake kira tiridi, wai zan ninka kuɗin haya. Ɗana kuma ya ce tayil kawai za a sa. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Wanne zan yi? Daga wani mai karatu, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa wa abin da ya bari albarka.

Bari in fara da maganar ejan, domin akwai gaskiya a cikinta. Kowa ya san halin da harkar gini ta shiga bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni. Dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a farkon shekarar, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba. Gine-gine da yawa sun tsaya a linta, ciyawa ta fito a cikinsu. Abin da nake gani da idona a wurin aiki shi ne da canji ya ɗan lafa, masu gidajen sun fara dawowa, ana kiranmu a ƙarasa abin da aka bari. Agege kuma tana da nata rabon: gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage cunkoson da aka san wurin da shi, sannan jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana da tasha a Agege. Ma'aikacin da a da ba zai kalli unguwarku ba, yanzu yana lissafin cewa zai iya kwana a nan ya isa Ikeja ko Yaba a kan lokaci.

Sai dai maganar ninka haya saboda daɓe, wannan ban yarda da ita ba. Mai neman falat a Agege abin da yake fara tambaya shi ne ruwa, da wuta, da ko mita ta kati ce, da ko gidan yana cin ruwa idan an yi ruwan sama. Daɓe mai kyau yana sa gida ya shiga da wuri, yana iya ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin, amma unguwa ce ke yanka farashi. Ka kuma tuna dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Don haka duk abin da ka zuba a ƙasa, a hankali zai dawo maka, shekara bayan shekara, kuma dole ya daɗe har ya biya kansa. Ejan da ya karɓi la'adarsa ya tafi, kai za a kira idan daɓe ya kumbura.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka, wato jiƙewar ƙarƙashin leda. Kafin ka sayi ko kwali ɗaya na wani abu, sai ka san daga ina ruwan nan yake zuwa. A ginin da aka yi bisa ƙa'ida, bayan an cike fandisho da jar ƙasa an danne, ana shimfiɗa leda mai kauri sannan a zuba kankare a kai, wanda magina ke kira jaman fulo. Wannan ledar ita ke hana danshin ƙasa hawowa. Tsofaffin gidaje da yawa ba a sa musu ita ba, wasu kuma an sa amma ta yayyage wajen zuba kankare. Siminti yana shan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Idan daɓen a buɗe yake, danshin yana fita iska ta kwashe shi, ba ka ma lura. Da ka rufe shi da ledar ɗaki, ka toshe masa hanya, sai ya taru a ƙarƙashi ya yi fumfuna, warin da kake ji ke nan.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ka ɗage ledar, a share ɗakin, a bar tagogi a buɗe kwana biyu ko uku. Sai ka yanko leda mai haske kamar rabin mita kowane gefe, ka manna ta a kan simintin da salatif, ka rufe bakinta ruf ta ko'ina. Ka yi haka a tsakiyar ɗaki da kuma kusurwar da ke jikin bangon waje. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ka ɗaga. Idan ka ga raɓa a jikin ledar, ko simintin wurin ya yi duhu fiye da na gefensa, to ruwa daga ƙasa yake hawowa. Ka yi gwajin a cikin damina, Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan Legas ya fi ƙarfi. Wanda aka yi a Janairu zai iya ruɗin ka. Ka duba gindin bango ma, in fenti yana ɓarewa yana fitar da farin gari kamar kanwa, labarin ɗaya ne.

Sannan ka fita waje ka dubi gidan da kyau. Abin da na sha tararwa a tsofaffin unguwanni shi ne an gyara titi an ɗaga shi, an ɗaga kwata, gidan da a da ake hawa matakala a shiga yanzu sai an gangara. Agege tudu ce idan aka kwatanta da Lekki ko Ajah, inda ruwa yake kusa da saman ƙasa, amma gidan da titi ya fi shi tsawo zai sha ruwa ko a ina yake. Wani lokacin ma ba wannan ba ne, bututun banɗaki ne ya fashe a ƙarƙashi, ko indararo yana zuba a gindin bango. Na taɓa zuwa wani gida da aka canza daɓen ɗaki sau biyu, ashe sokawe ce ta cika take tsatsafowa ta gefe. Kuɗin da aka kashe a daɓen farko kaɗai ya isa a gyara ta. Abin ya dame ni ƙwarai, don mai gidan dattijo ne da ya dogara da kuɗin hayar.

Idan gwaji ya nuna danshi, ɗakunan kwanan nan su ne wurin da kuɗinka za su tafi. A fasa tsohon simintin, a shimfiɗa leda mai kauri a haɗa bakinta ya hau juna sosai, a ɗaga gefenta jikin bango, a zuba sabon kankare, in da hali a ɗaga shi ya ɗan fi na da. A ba shi ruwa, a bar shi ya yi kwana 28 ɗinsa kafin a ɗora masa komai. Masu aiki za su matsa maka a yi sauri, kar ka biye musu.

Tarazon falo da baranda kuwa, don Allah kar ka bari a sa masa guduma. Tsakuwar marmara ce aka kwaɓa da siminti aka zuba a wurin, aka raba ta gida-gida da siraran layuka don kar ta tsage, aka gurje da inji har ta yi sumul. Kaurinsa ya isa a sake gurzarsa sau da yawa. Dushewar da kake gani datti ne da ƙananan ƙarce na shekara arba'in a samansa kawai. Masu injin wanke tarazo suna nan a Legas: za su bi shi da dutse mai kaushi, su cike ramuka da tsaga da siminti mai launinsa, su sake bi da mai laushi, sannan a sa masa folish. Za ka ga falon kamar ranar da mahaifinka ya tare. Wannan aikin bai kai kuɗin fasawa da kwashe ɓaraguzai da sayen sabon abu ba, kuma yau in ka ce za ka zuba sabon tarazo mai wannan ingancin, sai ka sha wuya kafin ka sami mai hannun yin sa. Je ka dubi tsofaffin makarantu da asibitoci da masallatai, dubban ƙafafu sun bi ta kansa yana nan. Yana da sanyi a ƙafa, ba ya tsoron ruwa, ɗan haya kuma ba zai iya fasa shi da turmi ko tukunyar gas ba. Gargaɗi ɗaya: kar a wanke shi da asid. Wasu masu wanki suna yin haka don ya yi fari nan take, alhali asid cin marmara yake, bayan wata biyu sai ya fi da muni.

Shi mai kamar katakon da ejan ya faɗa, iri biyu ne a kasuwa, kuma masu sayarwa ba kullum suke bambanta maka ba. Akwai laminet, wanda cikinsa garin katako ne da aka matse, aka manna hoton katako a sama. A ƙasar da iskarta take a bushe yana yin shekaru. A Legas, a falat na ƙasa, a gidan da ake alwala sau biyar a rana ana shigowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ana goge ɗaki da bokiti, bakinsa zai sha ruwa ya kumbura, kuma in ya kumbura ba ya komawa. Na biyun shi ne wanda ake kira SPC, garin farar ƙasa ne da roba, kaurinsa milimita 4 zuwa 6, ana harɗa shi da juna ba tare da gam ba. Shi ruwa ba ya kumbura shi, kuma yana da daɗin takawa. Amma yana son ƙasa mai sumul daidai wa daida, in akwai tudu da kwari maharɗarsa karyewa take. Danshi ma zai iya taruwa a ƙarƙashinsa kamar yadda ya yi wa ledarka. Ga kuma abin da kamfanin da ya yi shi bai yi tunani ba: kaskon turaren wuta. Garwashi ɗaya ya faɗo, tabon ya zauna har abada. A ɗakinka na sama, inda babu danshin ƙasa kuma kai ke kula da kayanka, ba zan hana ka SPC ba. A gidan haya na ƙasa, a'a.

Tiridin nan kuma sunansa ifokzi, ruwa biyu ne ake haɗawa a zuba ya daskare kamar gilashi, wani lokaci da hoto a ƙarƙashi. A masana'anta da sito da ɗakin gwaje-gwaje yana da amfani sosai. Shi ne ya fi kowanne ƙin danshi daga ƙasa: tururin ruwa yana tura shi ya yi bororo ya ɓare. Yashin da takalmi ke kwasowa yana ƙarce ƙyallinsa, inda rana ke bugawa ya koma rawaya, in ya jiƙe kuma yana da santsi. Kuma ba a iya yi masa faci ya ɓace. Katako na gaske, irin su loko da maɗaci, yana da kyau amma yana da tsada, ka bar shi. Kafet daga bango zuwa bango shi ma a laimar Legas wari zai yi.

Saura tayil, kuma a ɗakunan kwana da kicin da banɗaki ɗanka ya yi gaskiya. Amma tayil suna suka tara. Ka nemi fosilin, wanda aka gasa da wuta mai ƙarfi har ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ka juya bayansa ka ɗiga ruwa: in ya tsotse nan da nan, mai taushi ne, in ruwan ya tsaya, shi ne. Ba dole sai na Sifen ko Italiya ba, ana yin tayil a jihar Ogun da kuma Ajaokuta ta jihar Kogi, kuma mai daraja ta ɗaya a cikinsu ya ishi gidan haya. Ka guji mai ƙyalli kamar madubi, musamman a banɗaki da wurin alwala. Na san tsofaffin da faɗuwa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil ta kwantar da su, shi ya sa nake nanata wannan ga duk wanda ya tambaye ni. Ka ɗauki marar ƙyalli, mai ɗan kaushi, launin ƙasa-ƙasa ko toka wanda ba ya nuna datti.

Ga lissafi don kar a cuce ka. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ya kai murabba'in mita 13 da ɗoriya. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci huɗu ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, zai kama kwali 11 a ɗaki. Ka je kasuwar kayan gini ta Orile Coker da kanka ko ka tura ɗanka, a zaga shago uku ko huɗu, a saye duka lokaci ɗaya kuma a duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, don launi yana ɗan sauyawa daga gashi zuwa gashi. Ka ajiye kwali ɗaya ko biyu a sito, ran da ɗan haya ya fasa guda ba za ka sami irinsa a kasuwa ba. Wajen sawa, fosilin ba ya kama siminti zalla da kyau tunda ba ya shan ruwa, a yi amfani da gam ɗin tayil, a shafe bayansa gaba ɗaya, a bar 'yar tazara tsakani. In an gama ka bi da kan mabuɗi kana ƙwanƙwasawa, duk wanda ya yi ƙarar ganga babu komai a ƙarƙashinsa, a cire a sake kafin ka biya cikon kuɗin aiki.

In kuɗin ba za su kai falat biyu a lokaci ɗaya ba, ka gama ɗaya sarai ka sa ɗan haya, kuɗinsa su yi na biyun. Gwajin leda a damina, fasawa da zuba kankare daga Nuwamba idan ruwa ya ɗauke, tayil bayan kankaren ya cika kwanakinsa, wankin tarazo kafin fenti na ƙarshe saboda injin yana fantsama ruwan siminti a bango. In ka yi gwajin, ka aiko mini da abin da ka gani a ƙarƙashin ledar da kuma tsawon titi a kan dokin ƙofarka, sai in faɗa maka ko ɗaga daɓen ya zama dole. Allah ya sa a gama lafiya, ya kawo masu haya nagari.