Likitan da ya dace da mesotiliyoma

Ɗan'uwa, ka tambayi wane likita zai duba mahaifinka a Garwa, wanda ya daɗe yana aikin rufi da asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa cikin kayan rufi) kuma ruwa ke taruwa a ƙirjinsa. Allah Ya ba shi lafiya.

Likitan tiyatar ƙirji ya kamata ku gani. Shi ke zuƙe ruwan, ya yanko ɗan fatar da ke lulluɓe huhu a gwada, domin gwajin ne ke tabbatar da ko mesotiliyoma ce, wato ciwon dajin wannan fatar, wanda kan bayyana shekara 20 zuwa 50 bayan shaƙar ƙurar asbestos.

Kada ku ɗauka tarin fuka ne, ku shafe watanni kan maganinsa babu gwaji. Ku nemi a tura Baba Yawunde ko Duwala, kuma ku faɗa wa likita aikin da ya yi.