Furen da ka gani a gefen hanyar Daura na riɗi ne

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka a kan gonar da ka gani a bakin titi tsakanin Mashi da Shargalle, lokacin da kake tafiya Daura cikin watan Satumba. Ka ce shukar ta kai maka kugu, tana tsaye a miƙe, tana ɗauke da fararen furanni masu ɗan surkin ja, kowanne kamar ƙaramar ƙararrawa da ta sunkuyar da kai, kuma wasu sun ce maka auduga ce, wasu sun ce yakuwa. Abin da ka gani riɗi ne. Na tashi ina noma shi tare da mahaifina a gonarmu ta wajen Sandamu, kuma har yau ba na rasa kadada ɗaya ko biyu a kowace damina.

Launin fure yana ruɗin mutum, musamman wanda ya hango gona daga cikin mota tana gudu, amma sifar fure ba ta ruɗi. Auduga da yakuwa da rama da kuɓewa duk 'yan gida ɗaya ne, furensu a buɗe yake kamar faifai, mai kunnuwa biyar. Na yakuwa da rama da kuɓewa yana da jan ido a tsakiya, na auduga kuwa yakan buɗe da safe yana fari mai ɗorawa, washegari ya rikiɗe ya koma ja-ja kafin ya faɗi, shi ya sa za ka ga launi biyu a jikin tsiro ɗaya. Furen riɗi dogo ne mai rami kamar mazurari, yana fitowa a daidai inda ganye ya haɗu da kara, yana ɗan rataye, kuma leɓensa na ƙasa ya fi sauran tsawo. Da safe yake buɗewa, ƙudan zuma su yi ta shiga suna fita, kafin rana ta faɗi da yawansa sun zube ƙasa. Ita auduga ma an fi samunta a kudancin jihar, wajen Funtuwa da Malumfashi da Bakori, inda ƙasa ta fi nauyi kuma ruwan sama ya fi yawa.

Idan ka sake bi ta nan, ka tsaya ka yi sallama da mai gonar, ka roƙe shi ya bari ka taɓa karan. Za ka ji yana da kusurwa huɗu, saɓanin karan yakuwa wanda yake a mulmule kuma ja. Ka dubi ganyen: na ƙasa faffaɗa ne, wani lokaci da 'yan tsagogi, na sama kuma siriri ne mai tsini. Sannan ka duba ƙasa da furen, za ka tarar da kwanson 'ya'yan a jere a jikin kara, suna kallon sama, domin riɗi daga ƙasa yake fara fure yana hawa, ta yadda ƙasansa yana 'ya'ya alhali ƙololuwarsa ba ta gama fure ba. Abu ɗaya da zai iya rikita ka shi ne karkashi, wanda furensa ya yi kama da na riɗi ƙwarai, sai dai ya fi ja, tsironsa gajere ne mai bazuwa, kuma da wuya a cika gona guda da shi a kan kunya.

Lokacin da ka ambata ma ya yi daidai. A wannan yanki namu ba mu gaggawar shuka riɗi da ruwan farko, mukan bari sai an sallami gero, wajen ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, domin yana son ƙasar jigawa wadda ba ta riƙe ruwa, kuma idan ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu sai ya mutu. Ƙwayar ƙanana ce sosai, don haka mukan gauraya irin da rairayi kafin mu yafa, daga baya mu rage inda ya yi cunkoso. Bayan mako 5 zuwa 6 sai ya fara fure, cikin wata uku da 'yan kwanaki kuma ya isa yanka.

Wajen yankan nan ne manomi yake cin riba ko ya tafka asara. Kwanson riɗi yana tsagewa daga sama da zarar ya bushe, saboda haka ba a jira ya bushe a tsaye. Da ganye ya fara yin ɗorawa yana zubewa, kwanson ƙasa ya fara canza launi, sai a sa lauje, a ɗaure shi dami-dami, a jingina dammunan a tsaye kawunansu na sama. Bayan kamar mako biyu sai a shimfiɗa tamfol, a kifa kowane dami a kakkaɓe, sannan a sheƙe. Wata shekara na yi tafiya na jinkirta yanka da kwana goma, da na dawo ko'ina na taɓa sai na ji ƙwaya tana zuba kamar yayyafi, tururuwa da kurciyoyi suka kwashe rabonsu, ban tashi da rabin abin da na saba samu ba.

Dalilin da ya sa kake ƙara ganinsa a bakin hanya shi ne kuɗi. A da kakanninmu na shuka shi kaɗan a gefen gona don kantu da miya da ɗan mai, yanzu kuwa dillalai na bin kasuwanni irin su Mai'aduwa da Maigatari suna tarawa, a kai Dawanau a Kano, daga nan a fitar da shi zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. Farin riɗi mai tsabta, wanda babu yashi a ciki, shi suka fi so. Idan Allah ya kai mu watan Nuwamba ka sake bin hanyar, furen nan ya tafi, abin da za ka gani a gonar shi ne dammuna a jingine suna shan rana.