Ƙaramin Ɗaki da Kayan da Za Su Shige Shi: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum. Bikin ɗiyata ya matso, kuma ciki da falo ango ya kama mata. Uwar ɗakin ƙafa 12 ce tsawo, 12 faɗi. 'Yan'uwana sun dage a yi mata cikakken saiti kamar na yayarta: gado 6 da 7, wadirob mai ƙofa huɗu, madubi, da durowar gefen gado biyu. Ina tsoron ɗakin ya cushe, ina kuma tsoron bakin 'yan jere. Wata uwa daga Mabera.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Kafin ki ba kafinta ko sisi, ki tura wani ɗakin da tef ɗin awo da alli, ya zana kowane kaya a ƙasa da ainihin girmansa. In da hali ki tafi da ɗaya daga cikin masu dagewar, domin abin da ido ya gani ya fi saurin kashe gardama.

Ga lissafin. Gadon da ake kira 6 da 7, awon katifa ne. Idan aka haɗa da allon kai da katakon gefe yakan kai ƙafa 6 da rabi faɗi, 7 da rabi tsawo. Zurfin wadirob ƙafa 2 ne. Idan suna kallon juna, ki cire 7 da rabi da 2 daga 12, saura ƙafa 2 da rabi. Murfin wadirob kuwa idan aka buɗe shi yana cin ƙafa ɗaya da rabi ko fiye, wato amarya ba za ta iya tsayawa gaban kayanta murfi na buɗe ba. Ƙofar ɗakin ma tana buƙatar fili kamar ƙafa 3 da 3 don ta buɗe. Sannan ina za a shimfiɗa sallaya? Wannan shi ne abin da aka fi mantawa da shi ranar jere, alhali sau biyar za a neme shi kowace rana. A ware masa aƙalla ƙafa 2 da rabi da ƙafa 4, ta fuskar gabas, tun a zanen alli.

Shawararmu gado 5 da 6, ko 4 da rabi da 6 idan ma'auratan ba masu jiki ba ne, mai siririn allon kai. Allon nan mai kumburi da ake cusa wa soso yana cinye inci 6 zuwa 8 a banza, kuma matattarar ƙura ne. Durowar gefe ɗaya ta isa. Madubin tsaye mai teburi a bar shi, a manna dogon madubi a murfin wadirob, kayan shafa su shiga durowa.

Wadirob kuwa a rage masa faɗi a ƙara masa tsawo har kusa da silin. Yawancin suturar amarya ninkewa ake yi: atamfa, leshi, shadda, mayafai. Waɗannan zurfin ƙafa ɗaya da rabi ya ishe su, ɓangaren rataye abaya kaɗai ke buƙatar ƙafa 2. Akwatunan lefe su shige ɓangaren sama mai murfi, maimakon a jibge su a kan wadirob suna shan ƙurar hunturu. Murfi mai zamewa gefe yana ceton fili ƙwarai, sai dai ƙura tana taruwa a hanyar da tayoyinsa ke bi har ya fara cijewa. A riƙa share hanyar da tsohon buroshin haƙori, kuma kada a zuba mata mai, don mai da ƙura idan suka haɗu ƙullewa suke yi. A duba fanka ma: a bar aƙalla ƙafa ɗaya da rabi tsakanin bakin fiffikenta da wadirob, har da lokacin da murfin sama ke buɗe. Fanka mai inci 48 ta wadatar da ɗaki irin wannan.

Batun bakin mutane gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma 'yan jere yini ɗaya za su yi su watse, yarinyar ce za ta kwana a ciki a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kuma ɗakin da aka cika da katako da soso iska ba ta zagaya shi. Kuɗin da aka rage a zuba shi a katifa mai kyau da katako mai nagarta. Masu ido za su gane kaya mai tsada ko da bai cika ɗaki ba.

Ɗaki ɗaya nake haya, an ce min farin fenti ke sa ɗaki ya yi faɗi. Amma ƙurar garin nan ba za ta bar fari ya zauna ba. Wane launi zan saya, kuma nawa zai ishe ni? Wani ma'aikaci daga Arkilla.

Malam, an gaya maka gaskiya, kai ma ka faɗi gaskiya. Launi mai haske yana mayar da hasken da ya faɗo masa, shi ya sa bango ke zama kamar ya ja da baya. Fari fat kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai ya koma jaja-jaja, musamman bakin taga. Ka sa fari a silin kaɗai, bango ka yi masa ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske sosai, waɗanda ƙura ba ta tona musu asiri.

Irin fentin ya fi launinsa muhimmanci. Ka guji mai gurza-gurzan nan na bangon waje, domin kowane ƙurji a jikinsa wurin zaman ƙura ne, ba ya kuma goguwa. Ka nemi mai santsi wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, wanda masu shago ke kira satin ko siliki. Aibinsa ɗaya: yana fito da duk wani tudu da kwari na filasta, don haka a cike ramuka a goge bangon kafin a shafa. Kada kuma a raba bango biyu, ƙasa launi mai duhu sama mai haske, kamar yadda aka saba don gudun dattin hannun yara. Layin nan yana datse tsawon ɗaki. In kuɗi bai kai ba, a sa mai wankuwa daga ƙasa zuwa ƙafa 4, a ƙarasa sama da na ruwa, amma launi ɗaya.

Ɗaki 12 da 12 mai tsayin ƙafa 10, bangonsa kusan murabba'in mita 40 ne bayan an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya takan shafe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafa ɗaya, saboda haka shafa biyu za ta ci lita 10 ko kusa da haka. Galan uku masu lita 4 sun ishi bango, a ƙara ɗaya fari na silin. Ka tsaya a kan mai fentin lokacin da yake sirkawa. Idan ruwa ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin, fentin zai riƙa bin tufafi kamar alli. In kuma gindin bangon yana jiƙa da damina, a gyara inda ruwan ke shiga tukuna, in ba haka ba ɓarewa zai yi.

Tagata ɗaya ce kuma yamma take kallo. Na ji ana cewa a sa babban madubi daura da taga. In yi hakan? Wata ɗaliba daga Runjin Sambo.

A'a, ƙanwata, ban da tagar yamma. Daga la'asar zuwa magariba rana za ta bugi madubin ta dawo miki a ido. Ki sa shi a bangon da ke gefen tagar, zai kwaso haske ba tare da ƙyalli ba. Wannan ma ya raba ki da wata matsalar, tunda bangon da ke daura da tagar yamma shi ne na gabas, kuma mutane da yawa ba sa son madubi a gabansu suna salla. Kafin a kafa shi, ki tsaya a bakin ƙofa daga waje ki duba, kada ya zamana wanda ke tsakar gida yana hango gadonki ta cikinsa. Ki sayi mai kaurin milimita 4 ko 5, mai 3 yakan lanƙwashe ya karkata fuska.

Labule shi ne zai fi yi miki aiki. A kafa ƙarfensa inci 4 zuwa 6 ƙasa da silin, ya zarce tagar da inci 8 kowane gefe, yadin ya sauko har ya rage inci ɗaya ya taɓa ƙasa. Tagar za ta yi kamar ta fi girmanta, kuma idan kika yaye labulen ba ya tare iska. Faɗin yadin ya ninka tsawon ƙarfen sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki yi biyu: shara-shara na safe, da mai kauri mai launin bango na tare ranar yamma. Karammiski da masu tarin tattara ba na ƙaramin ɗaki ba ne, wankinsu ma wahala ne.

Falona ƙafa 10 da 12 ne, kuma ba na rabuwa da baƙi. Saitin kujeru mai cin mutum bakwai zai shiga? Wani magidanci daga Gawon Nama.

Zai shiga, Alhaji, amma ba zai bar hanyar wucewa ba. Zurfin kujerar saiti kusan ƙafa 3 ne. Jeri biyu masu kallon juna sun cinye 6 daga 10, teburin tsakiya ya ci 2, saura ƙafa ɗai-ɗai a gefe, mai kawo abinci sai ta yi ta tsallake ƙafafun baƙi. Daidai ruwa daidai tsaki: ka sa a yi maka mai zaman mutum uku guda ɗaya da mai zaman mutum ɗaya, masu siraran hannuwa, da ƙafafu masu tsayin inci 5 ko 6 yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi. Ganin ƙasa ta ƙarƙashin kujera ma yana ƙara wa ɗaki sarari. Ka auna faɗin ƙofarka kafin a fara aikin. Ka kuma zaɓi yadi, domin ledar da ake rufe kujeru da ita tana manne wa jiki da gumi, zafi kuma yana sa ta ɓarewa.

Sauran baƙin kafet da tumtum sun ishe su, dama da yawa a ƙasa suka fi sakewa, a nan kuma ake cin abinci. Garin nan ya yi suna da jar fatar akuya, ga dukawa masu ɗinka tumtum a kusa da kai. Huɗu sun isa, in baƙi sun tafi a ɗora su a lungu. Ka shinshina kafin ka biya, fatar da ba ta ji jima ba warinta yana tashi da damina. Kafet ɗin ya zama babba guda ɗaya mara hayaniyar zane, talabijin ya hau bango, teburin tsakiya kuma a maye shi da ƙananan kujerun ajiye kofi biyu.

Ina son kafa kantoci a bango don kuloli da littattafai su bar ƙasa. Wane katako zan saya, kuma bangon zai ɗauka? Wata malama daga Tudun Wada.

Malama, ya danganta da ginin. In bulo ne da filastar siminti zai ɗauka, muddin an huda da injin huda bango aka sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a hudar don ta riƙe sukuru, da sukuru mai inci 2 da rabi zuwa 3. Ƙusa tana fasa filasta, kuma bulo yana da rami a ciki, da ta sami nauyi sai ta zare. Zurfin kanta inci 8 zuwa 10, da ƙarfen tallafi a kowace ƙafa 2, in an wuce haka tsakiyarta za ta lotsa. Kada a huda saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, nan wayoyi suke bi. In ginin laka ne kada a rataya masa nauyi, a yi doguwar kanta siririya mai tsayuwa da ƙafafunta. In gidan haya ne a nemi izinin mai gida tukuna.

A kafa su daga tsayin kafaɗa zuwa sama, a bango ɗaya, kada a warwatsa su ko'ina. Saman ƙofa ma wuri ne da ake bari a banza, yana ɗaukar kanta guda ta kayan da ba kullum ake nema ba. Kuloli da tangaran na ado a sa musu murfin gilashi saboda ƙura, kuma a fito da kaɗan, sauran su zauna a kwalayensu.

MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, yana da araha da santsi, amma da ruwa ya shige shi sai ya kumbura, ba ya kuma komawa. In da shi za a yi, a rufe duk bakunansa, wanda zai tsaya a ƙasa a sa masa ƙafafun roba saboda ruwan goge ɗaki. Filawud, wato falle-fallen katako da aka manne, mai kaurin milimita 18 ya fi shi jure nauyi da riƙe sukuru. In katako ne zalla, ki tambayi kafinta ko busasshe ne, domin ɗanyen katakon da aka kawo daga kudu idan ya sha iskar hunturu yana tsukewa ya tsage, murafu su daina haɗuwa. A shafa masa maganin gara kafin fenti, a bar tazarar inci 2 tsakanin kayan da ke tsaye da bangon da ke jiƙa. Duk abin da ya fi yaro tsawo kuma, kanta ce ko wadirob, a ɗaure samansa da bango da ƙarfe mai kusurwa guda biyu, saboda yara suna jawo durowa su taka su hau.